Ragowar Sirop Ɗin Wa Ba Maganin Ƙane Ba Ne

A gidaje da yawa, idan aka duba saman kwaba ko bakin taga, za a tarar da kwalbar amoxicillin da aka sha rabi, wuyanta ya yi farin ɓawo, gari ya kwanta a ƙasa, tsararon ruwa a sama. An sayo ta ne lokacin da babban yaro ya yi tari, aka ba shi kwana biyu, zazzaɓi ya sauka, aka ajiye. Bayan wata guda ƙanensa ya tashi da mura, sai a jijjiga kwalbar, a ɗauko cokalin shayi, a matse masa hanci a ɗura. In ka yi magana a ce ai irin ciwon wansa ne. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare har an daina ganin gangancinta, alhali tana cutar da yara biyu a lokaci guda: wanda aka katse wa magani, da wanda aka ba saura.

Garin sirop na antibayotik yana daɗewa ne muddin yana bushe. Ranar da aka zuba masa ruwa, wa'adin da kamfani ya buga a jikin kwali ya tashi daga aiki. Amoxicillin da aka dama iyakarsa mako biyu, wasu kamfanonin ma mako ɗaya suke rubutawa. Augmentin kuwa sai a firji, kuma ba ya wuce kwana 7 zuwa 10. Wannan lissafi ba a yi shi da ɗakin kwano a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram cikin watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, firjin kuma, inda akwai shi, ya zama kabad saboda rashin wuta. Abin da ya rage a kwalbar bayan wata guda ruwan zaƙi ne mai ɓurɓushin magani, kuma ɓurɓushin shi ne masifar. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa maganin da bai kai ƙarfin kashe ƙwayar cuta ba, koya mata jurewa yake yi. Abin da ya ji tsoro ya tabbata. Binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 sanadiyyar bakteriyar da ta daina jin magani, kusan ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma yankin da abin ya fi ƙamari a duniya shi ne namu, Afirka ta Yamma.

Ko da kwalbar sabuwa ce, awon wa ba ya zama awon ƙane. Maganin yara da nauyin jiki ake lissafa shi, shi ya sa ake ɗora su a kan sikeli a asibiti kafin su ga likita. Amoxicillin kansa iri biyu ne a kasuwa, mai miligiram 125 da mai 250 a cikin kowace mililita 5, kwalbar kuma kusan iri ɗaya. Wanda ya riƙe "cokali ɗaya sau uku" a ka, yana iya ba yaro rabin abin da yake buƙata ko ninkinsa bai sani ba. Cokalin kicin ma ba ma'auni ba ne: wani bai kai mililita 3 ba, wani ya haura 7. Abin takaici, kamfani ya saka ƙaramin kofin awo a cikin kwalin, amma tun ranar farko ake bar wa yara su yi wasa da shi.

Sannan wa ya ce ciwon ƙanen na bakteriya ne? Yawancin mura da tarin yara bairos ke kawo su, kuma antibayotik ba ya taɓa bairos. Haka gudawar da ake ɗora wa fitar haƙori a bi ta da Flagyl, alhali abin da take buƙata ruwan ORS ne da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, sai fa in da jini a kashin. Mafi muni ita ce ɗiga wa jinjiri Ampiclox don idonsa ya yi rawaya. Shawarar jarirai ba ta jin Ampiclox, kuma kwanakin da aka ɓata ana ɗigawa na iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro har abada.

Za a ce mai wannan magana bai san talauci ba, asibiti da nisa, layi da tsawo, magani da tsada, zubar da rabin kwalba kuma almubazzaranci ne. Gaskiya ne kuɗi sun yi wuya. Amma a lissafa ɗaya ɓangaren. Yaron da amoxicillin ya daina yi wa aiki, allura zai koma, da gado a asibiti, da uwa ta bar gida da sana'arta, kuɗin kuwa ya ninka na sabuwar kwalba sau da yawa. Wasu masu ɗan karatu kuma za su ce ai likitoci ma yanzu sun rage kwanakin shan magani. Haka ne. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da amoxicillin na kwana uku ga ciwon huhu mai saurin numfashi kawai, a wuraren da cutar HIV ba ta yawaita ba, da kwana biyar idan ƙirji na lotsawa. Sai dai wanda ya duba yaron, ya ƙirga numfashinsa, ya auna nauyinsa ne ke yanke kwanakin. Sanyin goshi da uwa ta ji da bayan hannu a rana ta biyu bai isa hujja ba, don zazzaɓi kan sauka tun ƙwayar cuta ba ta ƙare ba. Kada kuma a ɗauka ana hana ba yara antibayotik ne. Alƙaluman UNICEF sun nuna ciwon huhu ya kashe yara kimanin 162,000 a Najeriya a 2018, fiye da kowace ƙasa, kuma da yawansu amoxicillin mai kyau da aka bayar a kan lokaci zai cece su. Dalilin da ya sa ake jin haushin masu lalata shi ke nan.

Idan ma'aikacin lafiya ya rubuta sirop, a duba lambar NAFDAC, a dama da ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba daidai layin da ke jikin kwalba, sannan a ɗauki biro a rubuta ranar da aka dama a jikin takardarta. A nemi sirinji marar allura a kemis, a sa mai magani ya nuna inda awon yaron ya tsaya. A raba lokutan sha daidai: sau uku na nufin kusan kowace awa takwas, kamar da asuba, da azahar, da lokacin kwanciya. Wanda ba shi da firji ya tambayi ƙwayar amoxicillin mai narkewa, wadda ake jefawa a ɗan ruwa ko nonon uwa a daidai lokacin sha, ba ta barin ragowar ruwan da zai lalace. Idan ƙuraje suka feso, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya bayan shan magani, a tsaya a garzaya asibiti. Haka nan in an yi kwana biyu ba sauƙi, ko yaro ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga.

Iyaye maza, ku ke sayo maganin, don haka ku riƙa tambayar yadda aka ƙare da shi. Ranar da kwanakin da aka rubuta suka cika, abin da ya rage a zubar da shi, ko da rabin kwalba ne.