Kwana a Teku Cikin Guguwa: Darasi daga Tseren Fastnet na 1979

Har gobe akwai mutanen da ke ƙetare teku da jiragen da iska ke turawa, masu filafilai maimakon inji, wasu don tsere, wasu don sha'awa kawai. A wajensu babu tafiya mai wuya kamar wadda dare zai riske su a tsakiyar ruwa, babu tudu kusa, ga iska ta tsananta. Da rana matuƙi yana hango raƙumin ruwa tun daga nesa, ya karkata jirgi ya tarye shi. Da dare kuwa sai dai ya ji rugugi, kafin ya ankara ruwa ya rufe shi.

Ana auna ƙarfin iska a teku da ma'aunin da wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, daga mataki na 0 zuwa na 12. A mataki na 6 ƙaramin jirgi ya fara shan wuya. Na 8 guguwa ce sosai. Na 10 kuwa iska ce mai gudun kilomita 89 zuwa 102 a awa. Kuma idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take danna filafilai da shi ninkawa yake yi huɗu.

Shi ya sa gwanaye ke gama shiri tun rana ba ta faɗi ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ana rage filafilai, a naɗe wani sashe a ɗaure, domin aikin da za a yi cikin sauƙi da la'asar yana iya cin ran mutum da tsakar dare. Ana dafa abinci a ci tun jirgi bai fara tangaɗi ba, a zuba shayi a filas, a ɗaure duk wani kaya da zai iya tashi ya bugi mutum. Ana duba fitilu: ja a hagu, kore a dama, fara a baya, don manyan jiragen dakon kaya su gane inda aka dosa. Sannan a raba gadi, kowane rukuni ya yi awa uku ko huɗu, sauran su kwanta ko da barci bai zo ba. Duk wanda zai fito sama kuma sai ya sa rigar ceto, ya ɗaure kansa da igiya a jikin jirgi, saboda wanda ya faɗa ruwa cikin duhu da wuya a sake ganinsa.

Abin da ya faru a watan Agustan 1979 shi ya nuna wa duniya muhimmancin waɗannan abubuwa. Ranar 11 ga wata jirage 303 suka tashi daga garin Cowes na Ingila don tseren Fastnet, mai nisan mil 605 na teku: su zagaya wani dutse mai hasumiyar fitila a kudu maso yammacin ƙasar Ailan, su ƙare a garin Plymouth. Daren 13 wayewar 14 ga wata guguwa ta kai mataki na 10, kuma gargaɗin tsananinta bai iso ba sai da yawancinsu suka yi nisa da tudu. Daga bisani iskar ta juya, sababbin raƙuman ruwa suka riƙa karo da na farko, teku ya hargitse. Aƙalla jirage 75 suka kife. 'Yan tsere 15 suka rasu, aka ceto 136 da jirage masu saukar ungulu da jiragen ceto da na soja.

Binciken da ya biyo baya ya gano wani abu mai ɗaure kai. Jirage 24 ne mutanensu suka gudu suka bari, amma biyar kaɗai suka nitse. Sauran an same su suna yawo a kan ruwa. Bakwai daga cikin mamatan sun rasu ne bayan sun koma ƙananan kwale-kwalen roba na ceto, alhali jiragen da suka baro ba su nitse ba. Dalili kuwa shi ne, irin wannan jirgi yana da ƙarfe mai nauyi a ƙasansa, wanda ke sake miƙar da shi ko ya kife. Mutanen ne suka riga jirgin gazawa: sanyi, jiri da amai, yunwa da rashin barci suka taru suka dusashe musu tunani, tsoro ya yanke musu hukunci.

Bayan wannan musiba aka tsaurara dokokin tsere: aka inganta igiyoyin ɗaure jiki da kwale-kwalen ceto, aka wajabta rediyon sadarwa da ƙananan filafilai na guguwa, aka kuma ce sai mai gogewa zai shiga. A yau ana koya wa kowane matuƙi kada ya bar jirginsa sai ya tabbata nitsewa yake yi, ko wuta ta fi ƙarfinsa. Idan gajiya ta yi yawa, akwai dabarar saita filafilai da sitiyari su yi jayayya da juna, jirgi ya kusan tsayawa, mutane su huta.

Na'urorin zamani suna nuna wa matuƙi inda yake da irin yanayin da ke tafe, amma ba za su rage masa filafilai ko su yi barci a madadinsa ba. Kuma hukunci mafi girma a tashar ruwa ake yanke shi: idan hasashen yanayi ya munana, ko abokan tafiya ba su da ƙwari, a ɗage tafiyar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.