Daga bauta zuwa agaji: Binciken da ya bi sawun 'yan ciranin Adar

Da zarar an gama girbin gero, tashoshin mota na Madawa da Buza da Keita sukan cika da samari masu jakunkuna. Wasu Kano ko Legas suka nufa, wasu Abidjan, wasu kuma su bi ta Agadas zuwa Libiya. A ƙauyuka irin su Sabon Gida, mata da tsofaffi da yara ne ke cinye rani. Tambayi kowa dalili, zai ce maka talauci ne da ƙarancin ruwan sama.

Farfesa Benedetta Rossi, 'yar Italiya mai nazarin tarihin ƙwadago da tattalin arziki a jami'ar University College London da ke Ingila, tana ganin wannan amsar ba ta isa ba. Ta fara zuwa Keita ne tana ɗaliba, domin nazarin aikin raya karkara da aka fi sani da Projet Keita. Daga baya ta gane cewa ba za a fahimci aikin ba sai an koma baya shekara 200. Sakamakon shi ne littafinta From Slavery to Aid, wanda maɗaba'ar Jami'ar Cambridge ta fitar a 2015, ya kuma bi tarihin Adar daga 1800 zuwa 2000.

Hujjarta ta fara ne daga ƙasar kanta. Adar tudu ce mai duwatsu da fako, amfanin gonarta bai kai ya biya ladan leburan da zai zauna ba. Duk mai son a yi masa aiki a nan, sai dai ya samo hanyar tsare mutane. A ƙarni na 19, manyan Abzinawa irin su Iwellemmedan da Kel Gress sun riƙe iko ta hanyar raƙuma da rijiyoyi da hanyoyi. Mai iko shi ne mai tafiya inda ya so, bawa kuwa ba ya motsawa sai da izini. Faransawa sun haramta cinikin bayi a 1905, amma suka kawo aikin tilas da haraji, ba su soke aikin tilas ɗin ba sai 1946.

Sai kuma fari ya zo. A 1984 aka buɗe Projet Keita da kuɗin gwamnatin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya na biyan ma'aikata da abinci. An dasa miliyoyin itatuwa, an jera duwatsu domin tare ruwa, an farfaɗo da filayen da suka mutu. Wannan ba a musunsa. Abin da Rossi ta tambaya shi ne, su wa suka ɗauki duwatsun? Akasarinsu mata ne, da yawa daga gidaje matalauta da zuriyar bayi, waɗanda ba su da halin tafiya. Mazan da ke da kuɗin mota sun yi lissafi, sun ga cirani ya fi abincin agaji riba. A rahotanni kuwa, an riƙa kiran wannan aiki da sunan sa hannun al'umma cikin ci gaba.

Nan ne littafin ya fi ciwo, kuma nan ne za a iya jayayya da shi. Matar da ta ciyar da 'ya'yanta da abincin aikin a shekarar yunwa ba lallai ta yarda a jera ta layi ɗaya da bawa ba. Ita ma Rossi ba ta ce agaji bauta ne ba. Cewa ta yi a kowane zamani, wanda ba ya iya tafiya shi ake samu da arha.

Ba ita ta fara share wannan fage ba. Farfesa Djibo Hamani, wanda Jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa a yau, ya wallafa tarihin Adar kafin zuwan Turawa tun 1975. A shekarar ce kuma Paul Lovejoy da Stephen Baier suka yi bayanin yadda tattalin arzikin bakin hamada ya haɗe da na ƙasar Hausa. Rossi ta ɗora a kai da hirarraki da dattawan Adar da takardun mulkin mallaka. Ta kuma shirya Reconfiguring Slavery a 2009, sannan a 2010 ita da Anne Haour suka fitar da Being and Becoming Hausa, kan yadda mutane ke zama Hausawa.

Maganar ba ta tsufa ba. Sai a 2003 Nijar ta mayar da bauta laifin da ake hukuntawa, kuma a watan Oktoban 2008 kotun CEDEAO ta ci gwamnati tarar sefa miliyan 10 a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya a nan jihar Tawa.

Matsalar ita ce da Ingilishi aka rubuta littafin, harshen da kaɗan ne ke karanta shi a Keita ko Buza. Ɗan Adar da ke ɗinki a Legas ko aikin gini a Tarabulus ya fi kowa haƙƙin jin abin da ke ciki, amma har yanzu ɗaliban jami'a a Turai sun fi shi saninsa.