Me Ya Sa Hoton Fure Ba Ya Fitowa Yadda Ido Ya Gan Shi?

Kowa ya san furen kuɓewa: ruwan ɗorawa mai haske, cikinsa jajawur. Amma matsa da kyamara ka ɗauke shi, sau da yawa sai ka ga gefen fure garau, tsakiya dishi-dishi, ga tsohon bokiti a baya ya cinye hoton. Kyamarar lafiyarta ƙalau. Ido yana tsallake abin da bai dame shi ba, ita kuwa duk abin da aka sa a gabanta take kwashewa.

Matsala ta farko kusanci ne ke kawo ta. Iya matsawarka kusa da abu, iya ƙanƙancewar wurin da zai fito tar. Idan aka matsa har hoton da ke faɗawa cikin kyamara ya kai girman furen kansa, aka sa ƙofar haske a f/8, abin da zai fito garau bai wuce milimita 1 ba. Ana ƙara shi ta hanyar tsuke ƙofar, a tashi daga f/4 zuwa f/16, sai dai hasken da ke shiga ya ragu sau 16. Hoton da za a ɗauka a 1/500 na daƙiƙa ya koma neman 1/30, kuma a wannan jinkirin ko ɗan kaɗawar iska ya isa ya ɓata komai. A ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa. Ciniki ne irin na 'yan koli, ba ka karɓa sai ka bayar. A ganina f/8 zuwa f/11 sun wadatar, a saita kan tsakiyar fure, sauran a bar su su narke.

Ma'aunin hasken kyamara kuma yana ɗaukar komai a matsayin ruwan toka matsakaici. Shi ya sa farin bado yake fitowa kamar ya sha ƙura, sai an ƙara masa haske zuwa +1. Jan fure kuwa rage masa ake yi kaɗan, in ba haka ba jijiyoyinsa su ɓace cikin ja. Rana tsaka ba lokacin wannan aiki ba ne. Sassafe ya fi, iska ba ta tashi ba, kuma hazon hunturu da muke kuka da shi yana tausasa haske kyauta.

Abin da ke bayan fure shi aka fi mantawa, alhali shi ya fi sauƙin gyara. Bajamushe Karl Blossfeldt, wanda littafinsa na hotunan tsirrai ya fito a 1928, bango marar ado yake sa wa tsirransa, ba abin da ke jayayya da su. Kai ma za ka iya samun irin wannan bango, ba sai ka tsinke fure ba. Durƙusa, ka zagaya har inuwar bishiya ta koma bayansa. Idan fure yana cikin rana, bayan zai yi duhu da kansa. Kuma iya nisan bayan daga furen, iya narkewarsa.

Mai ɗauka da waya, yawancin wayoyi ba a sauya musu ƙofar haske, amma sauran duk suna hannunka. Goge gilashin, taɓa tsakiyar furen a allo, ja hasken sama ko ƙasa, ka duba kusurwoyi huɗun hoton kafin ka danna.