Kafin Ka Ɗora Ɗanka A Kan Dokin Da Ba Ka Sani Ba

Dogon hutu ya ƙarato, tallace-tallacen kuma sun fara yawo a WhatsApp da Instagram: ga yaro ya sha rawani a kan kili mai ado, an rubuta a ƙasa wai cikin mako biyu ɗanka zai iya sukuwa, a hanzarta turo kuɗin rajista kafin gurbi ya cika. Ina roƙon duk uba ko uwar da wannan talla ta shiga ransu su riƙe kuɗinsu tukuna. Bara war haka ƙanwata ta tura nata, saura ƙiris mu kai ɗanta mai shekara 11 makwancinsa.

Wurin wani fili ne a bayan gari, an yi masa shinge da waya, ga rumfar kwano, ga dawaki shida a turke, ga wani saurayi da yara ke kira koci. Ban kama suna ba, domin irinsa sun yi yawa, kuma kusan duk tafiyarsu ɗaya. A rana ta uku da fara zuwan ɗan ƙanwata aka ɗora shi a kan ingarma. Kambas ne a ƙafarsa, likkafar ta manya ce, kansa kuma ko hular sanyi babu. Can sai wani ya ratso gefen filin da goɗiya. Ingarman ya yi haniniya, ya yi tabarya. Yaron ya yi abin da kowane ɗan koyo zai yi idan tsoro ya kama shi, wato ya rungumi linzami ya ja da iya ƙarfinsa. Dokin ya ji ƙarfe ya datse masa baki, ya ƙara miƙewa, ya sauko ya yi tutsu. Yaron ya sulmiyo, ƙafarsa ta hagu ta shige likkafa har idon sawu, doki ya ja shi a ƙasa. Allah ya sa takalmin ya cire, ƙafar ta fita.

Koci ya zo ya ɗaga shi cak, ya kakkaɓe masa ƙura, ya ce, "Tashi mana, kai fa namiji ne. Wanda bai sha ƙasa ba ai bai zama mahayi ba." Ya ɗauki bulala ya zane dokin a gaban yara, sannan ya mayar da yaron kan sirdi. Da za a tashi ya ja shi gefe ya ce, "Kada ka faɗa a gida, ka san Hajiya hana ka zuwa za ta yi."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce har yau ban iya haɗiyewa ba.

Yaron ya koma gida da ƙafarsa, yana magana, har da dariya. Bayan magariba ya ture tuwo ya ce kansa na sara. Ya yi amai sau biyu, ya kwanta. Damina ce, uwarsa ta ɗauka zazzaɓin sauro ne, ta ba shi magani ta rufe shi da zane. Ɗan maƙwabcinsu da suka je tare ne ya kasa jurewa, ya gaya wa tasa uwar, ita kuma ta tsallako. Wajen ƙarfe goma ƙanwata ta kira ni tana cewa, "Yaya, ka zo, yaron nan ba ya gane ni." A asibiti hoton kai ya nuna jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kansa yana danne ƙwaƙwalwa. A daren aka yi masa aiki.

A lura da wannan, domin shi ne tarkon. Irin wannan zubar jini takan yi wa mutum lamfo. Ya faɗi, ya tashi, ya yi sa'o'i kamar ba abin da ya same shi, alhali jini na tsiyaya a ciki. Duk yaron da ya faɗo daga doki kansa ya bugi ƙasa, hawansa na ranar ya ƙare, kuma dole a gaya wa iyayensa kafin ya isa gida. In aka ga amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko ruɗewa, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, to ba maganar kemis ba ce, ba ta jiran gari ya waye ba ce.

Da na koma filin bayan kwana huɗu, kocin bai ɓuya ba. Ya gaishe ni da ladabi, ya yi jaje, sannan ya ce, "Alhaji, ƙaddara ce. Ni tun ina shekara bakwai nake hawa, faɗuwar da na yi ba ta ƙirguwa." Ban ƙaryata shi ba. Na ga hawansa, gwani ne, zai yi zamiya a gabanka ƙura ta turnuƙe bai ko girgiza ba. Amma iya hawa daban, iya koyarwa daban. Abin da jikinsa ya sani tun yana ƙarami ba zai iya faɗarsa da baki ba, ya ma manta cewa akwai lokacin da bai sani ba. Ƙaddara kuwa mun yi imani da ita. Sai dai ba ita ta zaɓi ingarma ta bar tsohon doki a turke ba, ba ita ta ce wa yaro ya yi shiru ba.

Ba na cikin masu cewa a raba yara da dawaki. Ta yaya? Ƙasar da ta san Hawan Daushe da Hawan Nasarawa a Kano, ta san Hawan Bariki a Katsina da Zariya, ƙasar da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya dasa wa wasan folo har ɗansa Usman Nagogo ya yi suna da shi, ba a ce wa 'ya'yanta su tsaya kallo daga nesa. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Sha'awa ta ƙaru, masu hali na son ganin 'ya'yansu a kan sirdi, 'yan mata ma sun shigo. Inda sha'awa ta haɗu da kuɗi kuwa, kasuwa ce ta buɗe, kuma duk wanda ke da dokin haya na angwanci yana iya wayar gari ya rubuta allo ya zama makaranta.

Mu da muka tashi kusa da barga mun san ba haka ake yi ba. Yaro sai ya daɗe yana yankan ciyawa, yana kai harawa da dusa, yana share kashi, yana kallon yadda ake wanka da yadda ake ɗaura majayi, kafin a bar shi ya taka likkafa. A wannan zaman ne yake koyon karatun kunnen doki: in ya kwantar da su baya, ja da baya kai ma. A nan yake sanin ba a zuwa wa doki ta bayansa a shiru, domin idonsa na ganin kusan ko'ina amma ban da daidai wutsiyarsa da daidai goshinsa, kuma harbinsa ɗaya na karya ƙashi. Ran da za a ɗora shi, tsohon doki mai sanyin hali ake zaɓa, wani babba na riƙe da ragama yana tafiya a ƙasa. Takama tukuna, sai sassarfa, sukuwa kuwa sai an ga zamansa ya nuna. Sarakuna ba don ado suka naɗa Shamaki ba, kula da barga aiki ne mai ilimi. Wannan tarbiyya ta shekaru ita ake cewa za a dunƙule cikin kwana 14.

A Ingila, mai ba da hayar dawaki ko koyar da hawa sai ya karɓi lasisi daga ƙaramar hukuma, likitan dabbobi ya duba dawakin, kuma ya yi inshora. Tun 1990 suka yi dokar da ta wajabta wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 sa hular kariya idan zai hau doki a kan titi. A filin da na je, na nemi takarda ko guda, ko ta rajistar kasuwanci ce, aka nuna mini lambar asusun banki. Saboda haka aikin duba ya dawo wuyan iyaye, kuma zuwa da kai ya fi saƙo. Kada ka tura direba.

In ka je, ka bar kallon jalala da ado, ka ce a cire sirdi ka ga bayan dokin. Gyambo a doro ko inda majayi ke bi shaida ce cewa dabbar nan da ciwo take aiki, kuma dokin da ke jin ciwo neman hanyar sauke kayansa yake yi. Ka duba gefen bakinsa ko ya tsage. Ka ƙirga yara nawa suka hau shi tun azahar, ka ga ko an ba shi ruwa. Ka tambaya kai tsaye: ingarma ne? In aka ce e, ba na ɗan koyo ba ne, komai yabon da za a yi wa halinsa.

Sai linzami. Linzaminmu na gargajiya mai zoben ƙarfe da ke kewaye haɓar doki, da harshen da ke tokarar ganɗarsa, an ƙera shi ne don gwanin da zai tsayar da doki cak a tsakiyar gudu da ɗan motsin yatsa. A hannun gwani kayan aiki ne. A hannun yaron da ke riƙe linzami don kada ya faɗi, azaba ce, kuma ita ce ke sa doki tabarya har wani lokaci ya kifo ta baya ya danne mahayinsa. Dokinmu na gida ya haura kilo 300. Ɗan koyo linzami mai sauƙi ake ba shi, ko ma a bar ragama a hannun mai koyarwa.

Takalmi kuma sai rufaffe mai ɗan tudun dunduniya, wanda zai hana ƙafa zarcewa cikin likkafa. Silifas da kambas mai shafaffen ƙasa su ne ke jawo jan da aka yi wa ɗan ƙanwata. Likkafa ta dace da girman ƙafar, igiyarta a rage ta daidai tsawon yaron.

Maganar hula ce ke jawo mini musu da abokai. Wai hular kwano ba al'adarmu ba ce, wai tana ɓata kwalliya. Ina tambayarsu, kwalkwalin da 'yan lifidi ke sawa fa, na mene ne? Kakanninmu da suka fi mu sanin doki sun san kai ba shi da sauyi. Kan mai hawa yana sama da mita biyu daga ƙasa, doki a sukuwa kuma yana wuce kilomita 40 a sa'a. Hular ta zama ta hawan doki, daidai kan yaron, a ɗaure igiyarta a haɓa, kuma wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba. In rawani ake so, a yi shi ranar ɗaukar hoto, doki na tsaye, wani na riƙe da shi.

Hular ma ba ta kare wuya. Christopher Reeve, ɗan wasan Amurka da ya fito a fim ɗin Superman, da hularsa ya faɗo daga doki a 1995, ƙasusuwan wuyansa biyu na sama suka karye, bai sake tafiya ba har ya rasu a 2004. Na kawo shi ne saboda wannan ɗabi'a tamu ta rugawa a ciccibi wanda ya faɗi. In yaro ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ba ya jin hannunsa ko ƙafarsa, a bar shi yadda yake, a riƙe kansa kada ya motsa, a nemo ma'aikatan lafiya. Ka tambayi koci abin da zai yi in haka ta faru. Amsarsa ta minti ɗaya za ta gaya maka duk abin da kake son sani. Ka kuma tabbata yaronka ya cika allurar rigakafin cutar sarƙe haƙora, domin ƙwayarta a ƙasar da ta sha kashin doki take zama, ɗan yanka kaɗan ya ishe ta shiga.

Akwai maganar da ba a son faɗa. Koyar da hawa aiki ne na taɓa jiki: a ɗaga, a gyara zama, a riƙe ƙafa. Duk wurin da aka ce iyaye su tsaya a waje don wai suna ɗauke wa yara hankali, ko aka ce za a fita da yarinya kilisa ita kaɗai da mai koyarwa, ka ɗauki 'yarka ka tafi, ka bar musu kuɗin. Yara maza ma haka. Mai koyarwar da ya iya ce wa yaro ya ɓoye faɗuwa, ya riga ya koya masa ɓoye wa uwarsa abin da ya faru a fili.

Ka zauna ka kalli darasi guda daga farko har ƙarshe kafin ka biya ko kwabo. Mutum ɗaya da yara goma a fili ba koyarwa yake yi ba, kiwo yake yi. In yana danna waya, ko yana ɗaukar bidiyon talla alhali yaro na kan doki, ko yana yi wa mai kuka dariya, ko yana dukan dabba don ya huce haushi, ka ga abin da ka zo gani. In an sha ruwa da safe ƙasa ta yi santsi amma aka ce a hau, nan ma ka gani.

Ɗan ƙanwata ya warke, alhamdu lillahi, sai tabon ɗinki a gefen kai da gashi bai gama rufewa ba. Har yanzu doki yake so. Kwanaki ya ce mini, "Kawu, ai ba laifin dokin ba ne." Na haɗa shi da wani dattijo da ya yi shekaru a bargar wani hakimi, wata uku ke nan yana kai harawa, bai hau ba tukuna, kuma yana ƙorafi kullum.

Asabar da ta wuce hanya ta bi da ni ta gefen wancan fili. An yi wa rumfar sabon fenti, an ƙara allo mai lambar waya. Ingarman yana nan, na gane shi da farin goshinsa. Wata yarinya ce a kansa, ba za ta wuce shekara tara ba, da silifas a ƙafarta.