Ƙwarya ɗaya, baki uku: madara da abincin yara ƙanana a gidan makiyayi

Akwai wata magana da muke yawan ji idan muka fita awon yara a yankunan kiwo, wai ɗan makiyayi ba ya tamowa tunda cikin nono aka haife shi. Maganar tana da tushe. A tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ta rufe ƙasa daga Barmo har Abalak, yaran rugage sukan fi na ƙauyukan manoma kyan jiki, domin a daidai lokacin ne rumbun manomi yake yin ƙasa, ƙwaryar makiyayi kuwa tana cika. Sai dai wanda ya koma waɗannan rugage a watan Mayu zai tarar da wani hali daban. Binciken ƙasa na shekarar 2022 ya nuna cewa fiye da kashi 12 cikin 100 na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara biyar suna fama da tamowa mai ramarwa, kuma ƴaƴan makiyaya suna cikin wannan lissafi. Wannan bayani na ma'aikatan likita ne da masu aikin sa-kai da ke hulɗa da iyalan makiyaya a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Ranar ruga daga wajen tatsa take farawa. Shanunmu masu tozo ba sa sakin madara sai maraƙi ya fara tsotsa, saboda haka ana kwance shi ya ɗan sha, a janye shi, a tatsa, sa'annan a sake shi ya ƙarasa abin da ya rage. Idan aka cika tatsa maraƙi ya rame, in kuwa ya mutu madarar saniyar takan ɗauke. Kowane makiyayi ya san haka, shi ya sa maraƙi ne baki na farko. Abin da ya shiga ƙwarya kuwa yana hannun mace. Ita za ta ware na sha, ta ajiye sauran ya kwana ya yi tsami, ta kaɗa shi ta cire man shanu, ta ɗauki nono da mai zuwa kasuwa ko ƙauyen da ke kusa. Da kuɗin za a sayi hatsi, gishiri, sabulu, sukari da ganyen shayi. Kasuwa ce baki na biyu. Yaro shi ne na uku, kuma shi kaɗai ne ba shi da mai yi masa ciniki: uba yana duban maraƙi domin shi ne garken gobe, uwa tana duban kasuwa domin daga can tuwon dare zai fito.

Da damina wannan rabo ba ya zama gardama, kowa yana samu. Daga watan Maris zuwa saukar ruwan sama ne al'amarin yake tsananta. Tabkuna sun ƙafe, ciyawa ta zama ƙaiƙayi, shanu suna doguwar tafiya tsakanin makiyaya da rijiya. Ko saniyar azawak, wadda ta yi suna wajen madara har aka keɓe mata cibiyar Tukunus a yankin Filinge, takan rage ƙwarai, balle jar saniyar bororo mai dogon ƙaho, wadda ƙarfinta a tafiya yake. A wannan lokaci ne kuma bisa ramammiya take faɗuwa a kasuwa alhali tiyar hatsi tana hawa. Yunwar makiyayi ke nan tana riga ta manomi zuwa da watanni. Wannan batu yana da nauyi a tsarin aikinmu, domin agajin da aka shirya bisa kalandar manoma yakan iso ruga bayan yaran sun riga sun rame.

Akwai kuma rabuwar garke. Tun dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, gonaki ba su daina hawa cikin ƙasar kiwo ba, burtali kuma sai ƙara matsewa yake, ko da yake dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin ƙaura da dabbobinsa. Saboda haka maza da samari sukan tafi da yawancin garke, a bar mata, tsofaffi da yara da ƴan shanun tatsa. Idan kuka shiga ruga, tambayar "shanu nawa gare ku" ba ta da amfani, kuma makiyayi ba ya son ta. Ku tambayi uwar gida shanu nawa take tatsa a yau, kuma ƙwarya nawa ta samu jiya.

Ga jariri ɗan ƙasa da wata shida hukuncin ɗaya ne, a ruga ko a birni: nonon uwa zalla, ba ruwa, ba bauri, ba man shanu, ba madarar saniya ko ta akuya. Madarar saniya an yi ta ne domin maraƙin da ke miƙewa tsaye ranar da aka haife shi. Gishirinta da sinadarin gina jikinta sun fi ƙarfin ƙodar jariri, kuma duk abin da aka ɗura masa yana rage masa tsotso, raguwar tsotso kuwa tana rage nonon uwa. Inda na fi samun sauƙin bayani shi ne batun dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar. Wata rana a wata ruga da ke arewacin Dakwaro na tambayi wata tsohuwa, surukar mai jego, na ce: "Inna, idan saniya ta haihu, kuna hana maraƙi dakashi?" Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce: "Ɗiyata, wa zai yi haka? Maraƙin da bai sha shi ba ai zawo ke kashe shi." Ban ƙara komai ba, ita da kanta ta juya ta dubi jikanta. Makiyaya sun fi mu sanin darajar dakashi, abin da ya rage a tuna musu cewa na mutum ma haka yake.

Daga wata shida zuwa shekara biyu ne muka fi ganin yara suna zamewa, kuma dalilin yana cikin ƙwaryar da ake ba su. Kalmar "nono" tana rufe abubuwa uku da ba daidai suke ba. Akwai madara ɗanya, akwai kindirmo wanda ya yi tsami da mansa a ciki, akwai kuma nonon da aka kaɗa aka cire wa mai. Wannan na ƙarshe ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, bitamin A kuma ya tafi tare da man. Da rani, domin ya ishi kowa, sai a ƙara masa ruwa, a dama fura tsararo. Yaro zai sha cikinsa ya cika, uwa ta ga ya ƙoshi, alhali mafi yawan abin da ya sha ruwa ne, cikin ɗan shekara ɗaya kuwa bai fi kofi guda ba. Shawarar da muke bayarwa ba ta buƙatar kuɗi: a ɗebe rabon yaro tun kafin a kaɗa, a dama masa kunu mai kaurin da ba ya zuba daga cokali da sauri, a jefa ƙaramin cokalin man shanu a ciki. Ɗan wata shida zuwa takwas ya ci sau biyu ko uku a yini, daga wata tara sau uku ko huɗu, kuma ya ci gaba da shan nonon uwa har shekara biyu.

Madara, duk da darajarta, ba ta da sinadarin ƙarfe da ke gina jini sai kaɗan. Yaron da ya tashi da hatsi da nono kawai zai iya yin ƙiba amma tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari. Maganin wannan yana kewaye da ruga: ƴar hanta idan an yi yanka, ƙwan zabi da damina, wake da gujiya daga kasuwa, garin kuka, zogale, tafasa, ko fara da aka daka. Shayin da ake ɗanɗana wa yara a bakin murhu yana hana jiki ɗaukar ɗan ƙarfen da ke cikin abinci, gara a hana su.

Batun tafasa madara shi ne mafi wuyar karɓuwa, domin mutane da dama suna ganin wuta tana ɓata ta, wasu ma suna cewa tana cutar da hantsar saniya. Amma tarin fuka na shanu da cutar da ke sa su ɓari, wadda Fulani ke kira bakkale, suna bin ɗanyar madara su kama mutum. A shekarar 2016 zazzaɓin Rift ya ɓulla a jihar Tawa, musamman yankin Cintabaradan, ya kashe dabbobi da mutane, kuma makiyaya ne suka fi kamuwa. A tafasa madarar yaro, a bar ta ta huce. Ana iya yin kindirmo da ita bayan haka. Saniyar da aka yi wa allurar magani kuwa, a bi kwanakin da malamin dabbobi ya faɗa kafin a ba yaro madararta.

Sai ƙasar da yaro ke rarrafe a kai. Inda maruƙa, awaki da kaji ke kwana kusa da bukka, duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa zai je. Zawo mai yawan dawowa yana lalata hanji, har abincin da ya ci ya kasa amfanarsa. Tabarma mai tsabta, share kashin dabbobi daga inda yara ke wasa, wanke hannu da sabulu bayan tatsa, da tafasa ruwan tabki ko sa masa ƙwayar tsabtace ruwa, suna rage wannan. Idan zawo ya zo, a ba da ruwan gishiri da sukari na likita tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. A tuna kuma cewa ranar kasuwa uwa takan yini a hanya, wadda ke ciyar da yaron a ranar ita ce kaka ko wata ƴar shekara takwas. Bayanin da aka yi wa uwa ita kaɗai bai kai ga hannun da ke riƙe da ludayi ba.

Tunda ruga tana nesa da likita, zaren awon dantse ya kamata ya zauna a hannun uwa. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, ja yana nufin ƙasa da milimita 115, tamowa mai tsanani ke nan, a tafi likita a ranar; rawaya daga 115 zuwa ƙasa da 125; kore daga 125 zuwa sama. Idan aka danna bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa uku sai gurbin yatsa ya zauna, a kai shi ko da zaren ya nuna kore. Tun 2006 gwamnati ta ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a likitocinta. Abincin magani na gujiya, Plumpy'Nut, na yaron da aka rubuta wa ne shi kaɗai.

Iyalan da suka ɓace daga rajistar CRENAS, sau da yawa ƙaura ce ta ɗauke su zuwa wata rijiya ko zuwa Ingal wajen lasar gishiri, rajista kuwa sai ta rubuta cewa sun yi watsi da magani. Tun ranar farko a tambayi maigida yaushe za su tashi da inda suka nufa, a ba su takardar da za su nuna a likitar da ke gabansu. Inda shiri ke rabon dabbobi bisa al'adar habbanaye, wato aron uwar dabba har ta haihu, a gidan da ke da yaro ƙarami na fi son akuya, irin jar akuyar Maraɗi. Tana cin ganyen itace da sauran abinci, tana ba da madara a bazara lokacin da saniya ta ƙafe, ba ta bin garke zuwa nesa, kuma madararta ba kasafai ake kai ta kasuwa ba.