Ko Kun Sani? Ƙiba Tana Rage wa Kare Kwana

A wani bincike na shekara 14 da kamfanin Purina ya gudanar a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, an raba karnuka 48 jinsin Labrador gida biyu. Aka rage wa rabinsu kashi 25 cikin 100 na abinci. Waɗannan suka kai kimanin shekara 13, 'yan'uwansu kuwa shekara 11 da 'yan watanni, kuma ciwon gaɓɓai ya riga kama masu ƙibar.

Ku shafa gefen ƙirjin karenku. In sai kun danna kafin ku ji haƙarƙarinsa, kitse ya yi yawa. Ku riƙa auna masa abinci, ku fita da shi yawo, sannan ku tuntuɓi likitan dabbobi.