Ko Kun Sani? Gurbin Farko a Jeri Sifili Ne

A harsunan rubuta manhaja irin su C, Java da Python, abu na farko a jeri yana zama ne a gurbi na 0. Idan aka jera gero, dawa da masara a Python, aka nemi gurbin masara da umarnin index, amsar da za ta fito ita ce 2. Dalili kuwa, lambar tana nuna nisan abu daga farkon jerin a ma'ajiyar kwamfuta, na farko kuma ba shi da wani nisa. Idan abin ya maimaitu, gurbinsa na farko kaɗai ake bayarwa. Idan babu shi sam, Python kan nuna kuskure, JavaScript kuwa ta mayar da -1. Harsunan Fortran da Lua kuwa daga gurbi na 1 suke farawa.